Yadda Ake Buɗe Tagar Ido Kafin Tiyatar Cire Yana

Wannan bayani na sabon nas ɗin ido ne, da ƙaramin likitan da ya fara shiga ɗakin tiyata. Magungunan da zan ambata likita ne ke rubuta su, a asibiti ake ɗiga su, ba na saye a ɗiga a gida ba ne.

Yanar da za a cire tana bayan airis, wato zoben naman nan mai launi, kuma babu hanyar isa gare ta sai ta tagar ido, baƙin ramin da ke tsakiyar zoben. Tagar dattijo a cikin haske ba ta cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Likita kuwa zai yanke da'ira mai faɗin milimita 5 zuwa 5.5 a jikin tantanin da ya lulluɓe madubin ido, wanda shi ne ke dusashewa ya zama yana, ya fitar da yanar ta nan, ya saka madubin roba wanda yawanci faɗinsa milimita 6 ne. Shi ya sa ake so taga ta kai milimita 6 aƙalla, in ta kai 7 ko 8 ya fi. Idan ta gaza haka, lalube likita zai yi: bakin na'ura ya cafko airis, ɓarɓashin yana ya ɓuya a bayansa, ko tantanin baya ya yage. Mai tiyatar ƙaramin yanka da ake fito da yanar ɗungum ya ma fi mai na'urar fako, wadda ke farfasa yanar a cikin ido ta zuƙe ta, buƙatar faɗi, domin ƙwallon yanar gaba ɗaya zai ratsa ta tagar.

Kayan da za ka tanada

Na ɗigawa:
- Maganin kashe zafi, irin su furoparaken 0.5% ko tetiraken.
- Tirofikamaid 1%, wanda wasu suka fi sani da Mydriacyl.
- Fenilefirin 2.5%. Akwai mai 10%, za mu zo kansa. Akwai kuma kwalbar da aka haɗa shi da tirofikamaid wuri ɗaya.
- Saikulofentolet 1%, ko Cyclogyl.
- Ɗaya daga cikin masu hana kumburi waɗanda ba sitiroid ba: ketorolak 0.5%, daikulofenak 0.1%, nefafenak 0.1% ko fulabifurofen 0.03%.
- Atirofin 1%, na buƙata ta musamman kawai.

Na hannu: tocila ƙarama, ma'aunin taga ko rula mai milimita, auduga mai tsafta, alƙalamin sa alama a fata, na'urar awon jini, agogo, da takardar da za ka riƙa rubuta lokacin kowane ɗigo.

Na ɗakin tiyata: ruwan BSS (ruwan gishiri na musamman da ake wanke cikin ido da shi), adirinalin 1:1000, lidoken 1% marar sinadarin hana lalacewa, jel ɗin tiyata, kanula, ƙugiyar Kuglen guda biyu, ƙugiyoyin airis ko zoben buɗe taga, almakashin Vannas, da shuɗin rinin nan tirifan bulu.

Kamfanoni da yawa suna sa jan murfi a kan magungunan buɗe taga, koren murfi a kan masu tsuke ta. Kada ka dogara da murfi, karanta jikin kwalba. Fenilefirin da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ya lalace, a jefar. Kwalbar da ba a rubuta ranar buɗe ta ba, ita ma haka.

Abin da ya kamata ka sani game da airis

Tsoka biyu ce a cikinsa. Ɗaya ta zagaye bakin taga kamar mazagin wando, in ta ja sai taga ta tsuke. Ɗayar a miƙe take daga bakin taga zuwa gefe, in ta ja sai taga ta buɗe. Tirofikamaid da saikulofentolet da atirofin aikinsu sakin tsokar farko. Fenilefirin da adirinalin aikinsu zaburar da ta biyu. Dalilin haɗa su ke nan. Wanda ya ɗiga tirofikamaid da saikulofentolet ya bar fenilefirin, aiki ɗaya ya yi sau biyu.

Tirofikamaid yakan kai ƙarshen aikinsa cikin minti 20 zuwa 40, ya saki bayan awa 4 zuwa 6. Saikulofentolet yana ɗaukar minti 30 zuwa 60, amma yana iya kwana a ido. Atirofin yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. Masu hana kumburi ba sa buɗe taga ko kaɗan. Amfaninsu shi ne, duk lokacin da ƙarfe ya taɓa airis yakan saki sinadarin furostagilandin da ke tsuke taga ana tsakar aiki, su kuma suna rage wannan.

Abu na ƙarshe: airis mai duhu yana da baƙin launi mai yawa, launin nan kuwa yana riƙe magani. Saboda haka mai duhun ido ya fi jinkirin buɗewa, kuma ya fi jinkirin komawa. Haƙuri yake buƙata fiye da ƙarin magani.

1. Fara tun ranar da aka ba shi ranar tiyata

Yawancin tagar da ke ba da wahala a kan tebur, da an tambaya da an san da zamanta tun a kilinik. Ranar da aka buɗe idon don dubawa, auna iyakar inda ya tsaya ka rubuta da lamba. "Ya buɗe sosai" ba awo ba ne. "Milimita 5 bayan minti 40" shi ne awo, kuma shi zai sa a tanadi ƙugiya tun kafin a shimfiɗa majinyaci.

Ka nemi waɗannan: ciwon suga da ya daɗe, kumburin cikin ido da aka taɓa yi, wanda kan manne bayan airis da madubi, rauni ko tsohuwar tiyata, ɗiga failokafin, maganin tsuke taga, shekara da shekaru saboda hawan jinin ido, da farin gari-garin nan da ake gani a bakin taga da saman madubi, wanda ake kira sudo-eksfoliyeshan. Wannan na ƙarshe matsala biyu yake zuwa da ita, taga ba ta buɗewa, zaren da ke riƙe da madubi kuma ya yi rauni. Mai failokafin, likita zai sa a dakatar da shi kafin tiyata, a musanya masa da wani in da buƙata.

Sai tambayar da aka fi mantawa, ta maganin fitsari. Kada ka ce "Baba, kuna shan tamsulosin?" don ba lallai ya san sunan ba. Ce masa: "Baba, an taɓa ba ku maganin da ke sa fitsari ya fita da sauƙi, ko da tuntuni ne?" Mata ma a tambaye su, domin ana ba su shi saboda tsakuwar ƙoda ko riƙewar fitsari. Mafi sauƙi, a ce ya zo da duk magungunansa a leda.

Awon ƙarfin madubin roba a yi shi kafin a fara ɗige-ɗige a idon. Kuma in zai yiwu kada a buɗe tagar ana gobe tiyata. Tagar da aka buɗe jiya, in aka sake buɗe ta yau, sau da yawa ba ta kai faɗin jiyan.

2. Ranar tiyata, kafin ɗigon farko

Tambayi majinyaci sunansa da idon da za a yi wa aiki, ya nuna da hannunsa, ka gwada da kati da takardar amincewa, sannan ka sa alama a goshi saman idon. Idon da aka buɗe tagarsa shi kowa zai ɗauka na tiyata ne, don haka kuskure a nan yana iya bin majinyaci har kan tebur.

Auna jini da bugun zuciya. In jini ya kai 180 bisa 110, tsaya ka gaya wa likita kafin fenilefirin ya taɓa idon. Tambayi ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya, magungunan damuwa, da ko wani ɗigo ya taɓa kumbura masa fatar ido.

Daga nan ka haska tocila daga gefen kunne, haske ya bi shimfiɗar airis. In duk airis ya haskaka, ɗakin gaban ido, wato filin da ke tsakanin airis da koniya (fatar nan mai kama da gilashi a gaban baƙin ido), yana da zurfi. In ɓangaren hanci ya yi inuwa, ɗakin ya ƙuntata, kuma buɗe taga na iya toshe magudanar ruwan ido, matsi ya tashi farat ɗaya. Ana yawan ganin haka a yanar da ta kumbura. Ba cewa ba za a buɗe ba, amma likita ya sani, kuma a buɗe dab da shiga tiyata, ba a bar mutum yana jiran layi awa uku ba.

3. Ɗiga maganin

Fara kamar awa ɗaya kafin lokacin shigarsa. Wanke hannu. Majinyaci ya zauna ya ɗaga kai, ko ya kwanta. "Baba, duba sama." Ja fatar ido ta ƙasa ta yi ɗan aljihu, ka saki ɗigo ɗaya a ciki, ba a kan baƙin ido kai tsaye ba. Bakin kwalba kada ya taɓa gashin ido ko fata. In ya taɓa, kwalbar ta zama tasa shi kaɗai, ba ta zuwa idon wani.

Maganin kashe zafi ne na farko. Tirofikamaid da saikulofentolet suna da raɗaɗi, raɗaɗi yana kawo hawaye, hawaye kuma ya wanke maganin. Ban da haka, maganin kashe zafin yana sa na bayansa su fi shiga. Ɗigo ɗaya ya isa.

Bayan minti ɗaya ko biyu sai tirofikamaid. Jira minti 3 zuwa 5, sai fenilefirin. Jira kuma, sai saikulofentolet in likita ya rubuta shi, sai mai hana kumburi. Wannan zagaye ɗaya ke nan. A maimaita bayan kowane minti 10 zuwa 15, sau uku. Wasu likitoci suna fara mai hana kumburin tun awa biyu kafin tiyata, wasu ma kwana ɗaya zuwa uku. Bi tsarin sashenku.

Jiran nan tsakanin ɗigo da ɗigo shi ne abin da sabon hannu ya fi rainawa. Iyakar ruwan da ido ke iya riƙewa bai wuce kusan maikurolita 30 ba (maikurolita dubu ne mililita ɗaya), ɗigo ɗaya kuwa yana tsakanin 25 da 50. Ke nan ɗigo ɗaya ma ya cika ido. Wanda ya jera kwalba huɗu a hannu ya ɗiga su ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙa goma, na ƙarshen kawai ya ba majinyaci, sauran sun bi kumatu. Ranar da majinyata suka yi yawa, jera su a layi, ka bi su duka da kwalba ta farko, ka dawo kan na farko da kwalba ta biyu. Kafin ka zagayo lokacin jira ya cika da kansa.

Bayan kowane ɗigo ya rufe ido a hankali, ba runtsewa da ƙarfi ba, ba ƙifce-ƙifce ba. Ya danna lungun ido na wajen hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu. A nan ne bututun hawaye yake, wanda ke kai magani hanci, daga hanci kuma ya shiga jini kai tsaye. Tsohon da ya ce yana jin ɗaci a maƙogwaro, ta nan maganin ya bi. A bar shi a wuri mai ƙarancin haske, ido a rufe.

Yanzu batun fenilefirin 10%. Ɗigo ɗaya mai maikurolita 50 yana ɗauke da miligiram 5 na maganin, na 2.5% kuwa 1.25. Yana iya tayar da jini sosai, ya rikita bugun zuciya. Kada a ba jarirai da yara, ko mai hawan jini, ko mai ciwon zuciya, ko tsohon da jiki ya yi rauni. A ganina 2.5% shi ne na yau da kullum. Mai 10% sai likita ya ce, ga mai duhun idon da ya ƙi buɗewa kuma zuciyarsa lafiya, ɗigo ɗaya, a danne lungun ido, a sake auna jini.

Saikulofentolet da atirofin kuma ka lura da tsofaffi da yara. Rikicewar tunani, sambatu, bushewar baki, jan fuska, zazzaɓi, saurin bugun zuciya ko kasa fitsari, duk alamun maganin ya shiga jiki ne. Dakata ka kira likita. Haka in ya fara kukan ciwon ido mai tsanani da ciwon kai da tashin zuciya, ido ya yi ja ya yi tauri. Matsin ido ne ya tashi, ba abin jira ba ne.

Idan hannu ya yi ƙaranci, akwai hanyar lagwani. A yanki ɗan soso na tiyata mai tsafta, a jiƙa shi da haɗin magungunan, a ɗiga maganin kashe zafi, a saka shi da hantsaki a aljihun fatar ido ta ƙasa, a rufe idon na minti 20 zuwa 30. Ya zauna a ƙasa, kada ya hau kan koniya ya kankare ta. Rubuta cewa ka saka, rubuta cewa ka cire. Wasu wurare suna da Mydriasert, ɗan ƙwaya mai fenilefirin miligiram 5.4 da tirofikamaid 0.28 da ake ajiyewa a wannan aljihun fatar ido ta ƙasa, ba ya wuce awa biyu a ido, kuma shi ma dole a cire kafin tiyata.

4. Auna, ka yanke shawara

Bayan minti 30 zuwa 45 ka auna. Haska tocila ka ga ko tagar tana motsi. Wadda ta buɗe a duhu amma tana tsukewa da hasken tocila ba ta shirya ba, domin fitilar maikuroskof ta fi tocilarka ƙarfi nesa ba kusa ba.

In ta kai 7 kuma ba ta motsi, an gama. In tana 5 ko 6 tana ƙaruwa, ƙara zagaye ɗaya da minti 15, a shigar da wani majinyacin kafin shi. In ta tsaya cak, ko ta buɗe a karkace, wani gefe ya tafi wani ya ƙi, to manne take ko tsokar ta ƙage, kuma ko kwalbar duka ka juye ba za ta motsa ba. Yawan ɗigo fatar koniya yake dusashewa, sai a tashi da ƙaramar taga ga kuma hazo. Gaya wa likita lambar, a fito da kayan mataki na 7.

Allurar kashe zafi da ake yi a bayan ƙwayar ido ko a gefenta takan ƙara ɗan buɗewa, amma ba a lissafa da ita.

5. Magani a cikin ido, a kan tebur

Daga nan aikin likita ne, kai kuma mai haɗawa da miƙawa. Doka ɗaya ba ta da sassauci: duk abin da zai shiga cikin ido ya zama marar sinadarin hana lalacewa. Maganin ɗigawa na kwalba mai benzalkoniyom in ya shiga ɗakin gaban ido yana kashe tantanin bayan koniya, wanda ba ya sake tsirowa, ya kuma kawo mummunan kumburi washegari. Ba a taɓa zuƙar maganin ɗigawa a sirinji a tura ciki.

Hanya mafi sauƙi ita ce adirinalin a ruwan wanki: mililita 0.5 na 1:1000 a cikin BSS mililita 500, ya zama 1:1,000,000. Wannan ya fi ƙarfi wajen riƙe tagar da ta riga ta buɗe. Rubuta a jikin kwalbar da zarar ka zuba, don kada wani ya zo ya ƙara.

In ana son buɗewa nan take, likita zai tura adirinalin da aka sirka ta ƙaramar kafar gefe, wato ɗan hujin da ya yi a gefen koniya. Mililita 1 na 1:1000 a haɗa da mililita 9 na BSS ya ba da 1:10,000, a tura kamar mililita 0.1 zuwa 0.2. Yawancin adirinalin na kwalbar allura yana da sinadarin baisalfait, wanda ke cutar da koniya in ba a sirka ba, don haka ba a taɓa tura shi tsantsa. Lidoken 1% marar sinadari yana kashe zafi, yana kuma sakin tsokar bakin taga. Akwai fenilefirin na musamman na cikin ido, galibi 1.5%. Akwai kuma haɗaɗɗu na kamfani: Mydrane, mai tirofikamaid 0.02% da fenilefirin 0.31% da lidoken 1%, ana tura mililita 0.2, da Omidria, mai fenilefirin 1% da ketorolak 0.3%, da ake zubawa a ruwan wanki, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014. Da irin waɗannan wasu likitoci sun daina ɗigon kafin tiyata gaba ɗaya. Inda babu su, adirinalin da lidoken suna yin aikin.

Kowane sirinji a sa masa suna da ƙarfinsa. Ruwan da ke cikinsu duk fari ne, ido ba ya bambance su. Ka faɗi sunan da ƙarfi lokacin miƙawa. Bayan an tura a jira kamar rabin minti zuwa minti ɗaya kafin a ce bai yi ba.

6. Jel da raba mannewa

Jel mai kauri in aka tura shi a tsakiyar taga yana ture bakinta gefe. Healon 5, mai ƙarfin 2.3%, ya yi suna a wannan, amma kowane jel mai kauri yana ƙara wani abu. Illarsa, da an fara zuƙa yake fita, taga ta dawo, sai a sake cikawa. In airis ya manne da madubi, a bi da bakin kanula ko ɗan faifan ƙarfe ta ƙarƙashinsa a raba a hankali. In wani siririn tantani ne ya ɗaure bakin taga, a kama shi da hantsaki a ɓare. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In yanar fara ce fat, a rina tantanin gaba da tirifan bulu, domin ganin bakin yanka yana rage buƙatar faɗi.

7. Buɗewa da kayan aiki

Miƙewa da ƙugiyar Kuglen ita ce mafi araha. Ƙugiya biyu su kama bakin taga a gefe biyu masu fuskantar juna, a ja su a hankali zuwa gefe, a riƙe 'yan daƙiƙu, a saki, sannan a yi haka a gicciye. Tana yi wa tagar da ta ƙage saboda failokafin ko tsohon kumburi. Ɗan jini zai fito, jel yana tsayar da shi. Gaggawa ce ke yaga tsokar, majinyaci ya tashi da tagar da ba ta sake tsukewa, haske ya dame shi har abada.

Ƙugiyoyin airis na nailan ne, kowace da ɗan maɓallin roba. Ana huda ƙananan kafofi huɗu, wani lokaci biyar, a can gefen koniya, a shimfiɗe daidai da airis. In aka huda sama da yawa, ƙugiya za ta ɗaga airis ya tokare hanyar kayan aiki. A saƙala dukkansu tukuna, sannan a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan bi da bi, har a samu faɗin kamar milimita 5.5 zuwa 6. Ba sai an ja har ƙarshe ba. Ya fi kyau ƙugiya ɗaya ta zauna daidai ƙarƙashin babban yanka, domin a nan airis ya fi son fitowa. A saka su kafin a yanke tantanin gaba. In dole sai bayan an yanke, a ɗaga airis da jel, a tabbata ƙugiya ba ta kamo bakin tantanin ba. Ƙirga su wajen shiga, ƙirga su wajen fita, har da maɓallan.

Zoben Malyugin, na likitan idon nan na Rasha Boris Malyugin, yana shiga ta babban yanka ba tare da ƙarin huji ba, ya kama bakin taga da lanƙwasarsa huɗu. Yana zuwa da girman milimita 6.25 da 7. Ya fi ƙugiya sauri, tagar kuma takan koma kusan yadda take. Amma a ɗakin gaba marar zurfi, ko in ana shirin fito da babbar yana ɗungum, ƙugiya ta fi shi, don ita kai ke zaɓar inda za ta zauna. Ana cire zobe bayan an saka madubin roba, kafin a wanke jel.

Idan babu zobe babu ƙugiya, almakashin Vannas yana nan. A yi ƙananan yanka shida zuwa takwas a zagayen bakin taga, kowanne kamar rabin milimita, sannan a cika da jel. Ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya, domin tsokar ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Yanke airis daga sama har bakin taga shi ne na ƙarshe, in komai ya ƙi.

8. Airis mai lilo

A 2005 likitoci biyu a Amurka, David Chang da John Campbell, suka bayyana abin da tamsulosin, wanda ake sayarwa da sunan Flomax, ke yi wa airis. Yana toshe wurin da tsokar buɗe taga ke karɓar umarni, tsokar ta saki. A kan tebur sai a ga abu uku: airis yana kaɗawa da motsin ruwa, yana kutsowa ta bakin yanka, taga kuma tana ta tsukewa. Sauran dangin maganin, irin su silodosin, alfuzosin, doksazosin da terazosin, su ma suna iya haka. Abin da ke ruɗin sabon hannu shi ne tagar tana iya buɗewa daidai gwargwado da farko, sai an yi nisa ta juya.

Dakatar da maganin ba ya tabbatar da komai, an ga matsalar a mutanen da suka daina shi da shekaru, ga kuma haɗarin fitsari ya riƙe. Wasu likitoci suna ba da atirofin 1% kwana ɗaya ko biyu kafin tiyata. In za a yi haka kada a dakatar da maganin fitsarin, don atirofin kansa yana riƙe fitsari. A kan tebur, fenilefirin ko adirinalin na cikin ido tun farko, yanka mai ɗan tsawo wanda ba ya yoyo, a rage tsayin kwalbar ruwa da ƙarfin zuƙa. In tagar ba ta kai 6 ba, a sa zobe ko ƙugiya tun kafin a taɓa tantani. Miƙewa da Kuglen da yanka da almakashi ba su da amfani a nan, ƙara sakin airis ɗin suke yi. In ya fito ta yanka kada a dinga tura shi da ƙarfe. A fara rage matsin ido ta kafar gefe, sannan a share shi ya koma ta can.

9. Bayan an gama

A wanke jel tas, har wanda ke bayan madubin roba, musamman mai kauri, in ba haka ba matsin ido zai tashi cikin 'yan awanni. In likita yana son tagar ta tsuke nan take, akwai asitilkolin ko kabakol na cikin ido, Miochol da Miostat ke nan.

Gaya wa majinyaci da wanda ya rako shi cewa haske zai dame shi, gani zai yi dishi-dishi zuwa washegari, wanda aka ɗiga wa atirofin kuwa har mako biyu. Ya sa baƙin tabarau, kada ya yi tuƙi. Ciwo mai tsanani, amai, ko kasa fitsari, ya dawo asibiti a ranar, ko da dare ne. A katinsa ka rubuta iyakar faɗin da tagar ta kai, magungunan da aka yi amfani da su, ko airis ya yi lilo, da abin da aka buɗe shi da shi. Ido na biyu galibi halin na farko yake ɗauka, kuma mai yiwuwa ba kai ne za ka shirya shi ba.